Milimita Ɗaya a Damtsen Yaro

Tef ɗin awon damtse siriri ne, tsawonsa bai kai taƙi biyu ba, an yi shi da wata irin roba mai laushi wadda ba ta talewa kuma ruwa ba ya ɓata ta. A kansa akwai 'yar tsaga da ake zura bindinsa, da 'yar taga mai kibiya sama da ƙasa. An raba jikinsa launi uku: ja, rawaya, kore. Wanda ya tsince shi a ƙasa zai iya ɗauka abin wasan yara ne. Amma duk wanda ya taɓa zama a ɗakin shan magani na karkara ranar awon yara, ya ga yadda iyaye mata ke zuba wa wannan 'yar taga ido, ya san cewa da ita ake yanke hukuncin wane yaro za a sa cikin shirin jinyar tamowa, wane kuma za a ce ya je gida ya dawo wani wata.

Aikin da ake yi da shi yana da dogon suna a takardun likitoci, wanda harshen Bahaushe sai ya yi tuntuɓe sau biyu kafin ya kai ƙarshensa: anturofometiri. Dogayen kalmomin likitanci irin wannan suna da gaɓoɓi, kuma wanda ya san inda gaɓa take yakan rarraba su cikin sauƙi, kamar yadda gwanin mahauci ke bi da wuƙa ta mahaɗar ƙashi ba sai ya ɗauki gatari ba. Gaɓar farko ita ce anthropos, kalmar Girkanci mai nufin mutum, ɗan Adam, namiji ko mace. Ta biyu metron, wato awo, kuma daga ita ne mita da milimita da kilomita suka samo suna. A haɗe, awon ɗan Adam ke nan: tsawonsa, nauyinsa, kaurin hannunsa, kewayen kansa.

Da zarar kunne ya kama gaɓar farkon nan, sai ka riƙa jin ta ko'ina. A haɗa ta da logos, nazari, an sami anturofoloji, ilimin nazarin ɗan Adam, jikinsa da al'adunsa. A haɗa ta da philos, mai so, an sami siffar da masana ƙwari ke yi wa sauron da ya fi yaɗa zazzaɓin cizon sauro a ƙasashenmu, Anopheles gambiae: anturofofilik, mai son mutum, domin ko da shanu na ɗaure a tsakar gida, jinin mai gidan yake nema. Haka ake siffanta wasu ƙwayoyin da ke kawo makero a kan yara, waɗanda daga kan mutum suke tashi su faɗa kan mutum ta tsefe da aska da hula. A haɗa ta da nosos, cuta, an sami anturofonosis, cutar da mutum ne gidanta. Ƙyanda da shan inna da agana duk a nan suke. Wannan rabon ba na ado ba ne. An iya kawar da agana daga duniya, aka tabbatar da hakan a 1980, saboda ba ta da wata dabba da za ta ɓuya a jikinta. Haukan kare kuwa, da zazzaɓin Lassa, suna da mafaka a jikin kare da ɓera, shi ya sa yaƙi da su ya zama wani abu dabam. Sai dai mai rarraba kalma yana bukatar hattara. Cutar anthrax ta dabbobi ta yi kama da 'yar gidan, amma ba ita ba ce: sunanta daga kalmar Girkanci mai nufin gawayi ya fito, saboda baƙin ɓawon da take bari a fata. Andro kuma, da ake gani a wasu sunayen, namiji kaɗai take nufi.

Cikin dangin nan duka, awon ɗan Adam ne ya fi ɗaukar hankalina, domin shi ne wanda ake yi da hannu.

Kakanninmu da jikin mutum suke auna duniya. Yadi da kamu, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Zurfin rijiya da gaba. Ƙaramin abu da taƙi. Gona da taki. Juya lamarin, a ɗauki ma'auni tsayayye a auna jikin shi kansa, ya zo ne daga baya. Wani likita Bajamushe, Johann Elsholtz, ya sa wa littafinsa suna da wannan kalma a 1654. Bayan kusan shekara ɗari, wani Bafaranshe mai suna Montbeillard ya ɗauki wani aiki da haƙurinsa ke ba ni mamaki har yau: daga 1759 zuwa 1777 yana auna tsawon ɗansa kusan duk wata shida, tun daga haihuwa har yaron ya kai shekara 18, yana rubutawa. Daga lambobinsa ana iya ganin abin da kowace uwa ta sani da ido amma ba ta da shi a rubuce, cewa yaro yana zabura a shekarunsa na farko, ya lafa, sannan ya sake zabura lokacin balaga. Sai Adolphe Quetelet, masanin lissafi ɗan Beljiyam, wanda a shekarun 1830 ya lura cewa nauyin baligi yana tafiya da tsawonsa idan an ninka tsawon da kansa. Lissafin da ake yi wa manya a asibiti yau nasa ne: mai kilo 70 da tsawon mita 1.75, a raba 70 da 1.75 sau 1.75, a sami kusan 23, wanda ke cikin zangon lafiya na 18.5 zuwa 25.

Ba a rasa waɗanda suka ɓata wannan ilimi ba. A ƙarni na 19 wasu Turawa sun yi ta auna ƙoƙon kan mutane domin su jera jinsuna, su ɗora nasu a sama, su ba bauta da mulkin mallaka hujja. Awonsu bai tabbatar da abin da suke so ba, kuma tarihi bai yafe musu ba. Akwai kuma Alphonse Bertillon na 'yan sandan Faris, wanda a shekarun 1880 ya ƙirƙiro hanyar gane masu laifin da ke sauya suna ta hanyar awo goma sha ɗaya, ciki har da tsawon kai da faɗinsa, da kunnen dama, da ƙafar hagu, da yatsan tsakiya na hagu. Dabarar ta yi aiki a hannunsa da hannun waɗanda ya horar. Da ta bazu wasu ƙasashe, sai wannan ɗan sanda ya matse ma'auni, wancan ya sassauta, mutum ɗaya ya fito da lambobi biyu. Daga ƙarshe zanen yatsa ya ture ta. Matsalar da ta kayar da Bertillon ita ce har gobe mai awon yara ke kokawa da ita kowace safiya: yadda hannu biyu dabam-dabam za su ba da lamba ɗaya.

Ga yadda gwana ke yi. Na ce gwana domin a wuraren da na gani mata ne suka fi riƙe aikin.

Ba ta farawa da taɓa yaro. Takan gaida uwar, ta tambayi gida, ta bar yaron a cinyar uwarsa ya ƙare mata kallo. Sannan ta nemi shekarunsa, kuma a watanni take so, domin tef ɗin damtse na yara ne daga wata 6 zuwa wata 59. In akwai katin rigakafi, an huta. In babu, sai ta koma kalandar da kowace uwa ke ɗauke da ita a ka. "Maman yaro, da damina kika haife shi ko da kaka? An yi babbar salla, ko yana ciki lokacin? Da aka yi azumin bara ya fara zama?" Tambaya uku ko huɗu, sai ga watan haihuwa ya fito. Mai gaggawa yakan rubuta "shekara biyu" ya wuce, alhali tsakanin ɗan wata 20 da ɗan wata 29 akwai tazarar da za ta iya sauya dukan hukuncin tsawonsa.

Daga nan sai ƙafafu. Takan riƙe su biyun a tafukanta, ta ɗora manyan yatsunta a doron kowace ƙafa, ta danna a hankali, tana ƙirga daƙiƙa uku cikakku a zuci. Ta ɗaga. In fatar ta dawo nan take, to. In ramin yatsa ya zauna a ƙafafun biyu, kamar an danna tuwo, ruwa ne ya taru, kuma wannan yaron yana cikin tamowa mai tsanani ko da sikeli ya ce yana da nauyi, domin nauyin na ruwa ne. Dole sai ƙafa biyun. Kumburin ƙafa ɗaya wani dalili gare shi, ƙila ciwo ko cizo. Wannan nau'in shi ne kwashiyoko, sunan da likita Cicely Williams ta ɗauko daga harshen Ga na Ghana ta shigar cikin littattafan likitanci a 1935. A can yana nufin ciwon da ke kama yaro idan an yi masa ƙane, abin da duk wadda ta san kwanika za ta gane ba sai an yi mata dogon bayani ba. Na fi son wannan mataki fiye da sauran, domin babu wani kayan aiki a cikinsa sai yatsa da ƙirga, kuma kakar yaro ma za ta iya koyonsa a zama ɗaya.

Sai damtse, inda gwanintar take. Hannun hagu ake aunawa, a tuɓe. Takan sa a lanƙwasa gwiwar hannun, tafin yana kallon sama. Da ɗan yatsa take lalubo ƙarshen ƙashin kafaɗa, wannan ɗan tudun da ke saman hannu, sannan tsinin gwiwar hannu. Ta shimfiɗa tef tsakanin wuraren biyu, ta raba tsawon biyu, ta ɗiga alama da biro a tsakiya. Dalilin wannan wahala shi ne damtse ba kaurinsa ɗaya ba daga sama zuwa ƙasa. In aka haura kaɗan an shiga naman kafaɗa, in aka gangara an shiga siririn wuri. Bayan alama sai a sake hannun ya miƙe, ya yi lilo a gefen jiki, domin lanƙwasasshen hannu yana tara tsoka ya ƙara lamba. Yanzu ta kewaya tef a kan alamar, ta zura bindin cikin tsaga, ta ja.

Jan nan shi ne komai. In ta ja da ƙarfi, tef ya nutse cikin nama, fata ta tattare, lamba ta ragu, a ɗauki lafiyayyen yaro a ba shi abincin jinyar da wani ke bukata. In ta sassauta har haske na wucewa tsakanin tef da fata, lamba ta ƙaru, a sallami yaron da ke bakin haɗari. Abin da ake so shi ne tef ya kwanta a fata ko'ina, ya taɓa ba tare da ya danna ba. Takan sunkuya har idonta ya zo daidai da tagar, domin karatu daga sama ko daga gefe yana karkatar da kibiya. Ƙasa da milimita 115 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga 115 zuwa ƙasa da 125 rawaya, matsakaiciya. Daga 125 zuwa sama kore. Yaro mai 114 da mai 116 ido ba zai bambance su ba, kaurin ƙwayar gero ne tsakaninsu, amma layinsu dabam. Shi ya sa in lamba ta faɗo kusa da iyaka takan warware tef ta sake daga farko, ko ta kira abokiyar aikinta ta auna ba tare da ta gaya mata abin da ta samu ba.

Me ya sa damtse, ba cinya ko ciki ba? Domin daga shekara ɗaya zuwa biyar kaurinsa kaɗan yake ƙaruwa a jikin lafiyayyen yaro, don haka iyaka ɗaya za ta iya yi wa duka, ko da ba a san shekaru daidai ba. Kuma abin da ke cikinsa tsoka ce da kitse, ajiyar da jiki ke fara cinyewa idan abinci ya gaza. Dabarar tana da tarihi a Najeriya. Lokacin yaƙin basasa, wajen 1969, ma'aikatan agaji na ƙungiyar Kwaka sun yi amfani da wata sanda da ke haɗa tsawon yaro da kaurin damtsensa domin su tace dubban yara cikin hanzari. Tef mai launi uku kuwa likita ɗan Iraƙi Adnan Shakir da David Morley ne suka gabatar da shi a 1974. Morley shi ne wanda ya yi aiki a Imesi-Ile da Ilesha a ƙasar Yarbawa, inda ya tsara katin awon girman yaro mai layuka masu hawa, kakan wanda iyaye mata ke adanawa a leda yau.

Nauyi ya fi sauƙi, amma shi ma yana da ladubbansa. Sikelin ratayawa yana ɗaukar kilo 25, an rarraba shi giram 100-100. Ana rataya wandon awo ko bahon roba babu kowa ciki, a murɗa allura ta koma sifiri, kafin a sa yaro. Ana cire riga da takalmi, a roƙi uwa cikin girmamawa ta cire guru ko laya mai nauyi ta riƙe a hannunta. A jira allura ta daina rawa. Sikelin zamani na takawa yana da wata dabara mai daɗi: uwa ta hau ita kaɗai, a danna ya koma sifiri da ita a kai, sannan a miƙa mata jaririn, sai nauyinsa kaɗai ya fito, shi kuwa yana ƙirjin uwarsa bai ma san an auna shi ba. Gwana kan gwada sikelinta kowace safiya da wani abu da ta san nauyinsa.

Tsawo ne mai kuka. Ɗan ƙasa da shekara biyu a kwance ake auna shi a kan allon katako, kuma mutum biyu ke yi. Ɗaya ta durƙusa ta wajen kai, ta tallafi kunnuwan yaron da tafukanta, ta jingina tsakiyar kansa da katakon da ba ya motsi, idanunsa na kallon sama tsaf. Akwai ƙa'ida a nan da masana suka amince da ita a birnin Frankfurt a shekarun 1880: layin da ya taso daga ƙofar kunne zuwa ƙasan kwarmin ido shi ne ma'aunin daidaiton kai. A kwance layin ya miƙe sama, a tsaye ya kwanta daidai da ƙasa. Ta biyun ta dafa gwiwoyi da hannu ɗaya, a hankali, ta turo katakon ƙafa da ɗayan har ya haɗu da tafukan ƙafa biyu, yatsu na kallon sama. Duk wannan cikin 'yan daƙiƙu, kafin yaro ya gantsare. In akwai tulin kitso ko ɗan kwali a tsakar kai, sai an kwance. Wanda ya kai shekara biyu a tsaye ake auna shi, wurare biyar suna taɓa allo: ƙeya, kafaɗu, mazaunai, sha-raɓa da dunduniya. Mutum a kwance ya fi kansa a tsaye da kusan milimita 7, don haka in dole ta sa aka auna babban yaro a kwance sai a rage santimita 0.7, in an auna ƙarami a tsaye a ƙara.

Mai awo ta faɗi lamba da ƙarfi, mai rubutu ta maimaita, sannan ta rubuta. Tamanin da ɗigo uku, ba tamanin ba. A nan ne ake gane wanda ya yi aiki da wanda ya yi ganda, kuma takarda ce ke tona asiri. Masu duba sakamakon bincike sukan ƙirga lambar ƙarshe ta kowane awo. Idan an auna da gaske, lambobi daga 0 zuwa 9 za su fito kusan daidai wa daida. Idan sifiri da biyar sun cika shafi, an san wani ya riƙa cikewa da ka. Kafin a fita babban bincike kuma akan yi wa masu awo jarrabawa: yara goma, kowa ya auna su sau biyu, a ga ko ya dace da kansa, sannan a ga ko ya dace da malaminsa.

Lambobin ba su da ma'ana sai an kai su gaban tebur. Wanda ake amfani da shi yanzu Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta fitar a 2006, bayan binciken da aka yi daga 1997 zuwa 2003 a kan yara sama da 8,000 a ƙasashe shida: Barazil, Ghana, Indiya, Norwe, Oman da Amurka. An zaɓi yaran da aka shayar da nonon uwa, waɗanda ba su rasa abinci ko kulawa ba, aka bi girmansu. Abin da aka gano ya cancanci a faɗe shi a kowane zaure: ɗan Accra da ɗan Oslo, in sun sami gata iri ɗaya, kusan tsawo ɗaya suke yi a shekaru biyar na farko. Saboda haka yaron da ya tsumbure ƙwarai, ba za a ce halittar garinsu ce kawai a wuce ba. Gwana ta bi tebur da yatsa: namiji mai santimita 80 ya kamata ya kai kilo 10 da 'yan kai, in ya gaza kilo 8, ya rame ramar da ke bukatar jinya yau. Nauyi a kan tsawo yana ba da labarin makonnin nan. Tsawo a kan shekaru yana ba da labarin shekarun da suka wuce, har da zaman ciki.

An daɗe ana ɗauka cewa tef ɗin damtse sai ma'aikaci. A gundumar Mirriya ta jihar Damagaram a Nijar, ƙungiyar likitoci ta ALIMA da abokan aikinta na ƙasar sun gwada koya wa iyaye mata su riƙa auna 'ya'yansu a gida, a farkon shekarun 2010. Aka tarar suna rarrabe ja da rawaya da kore daidai da horarrun ma'aikatan ƙauye, kuma suna kawo yara tun ciwon bai yi nisa ba, domin uwa tana ganin damtsen ɗanta kullum, ma'aikaci kuwa sai ranar zagaye. Yanzu ana raba tef ga iyaye a ƙasashe da dama, ciki har da arewacin Najeriya. Wasu kan rataye shi a ƙusa kusa da madubi, wasu su naɗe shi cikin katin rigakafi.

Yaron da ya faɗa ja, in yana iya cin abinci kuma ba shi da wata cuta mai tsanani, ba a kwantar da shi. Ana ba uwar ƙunshin abincin jinya na gyaɗa da madara, kowane ɗaya giram 92, ta koma gida, ta dawo mako mai zuwa. Kowane dawowa a sake komai daga farko: ƙafafu, ƙirga uku, kafaɗa, gwiwar hannu, alamar biro. 112, sannan 114, sannan 118. Ba a sallama sai tef ya kai 125 kuma kumburi ya tafi na aƙalla mako biyu. Ranar da ya kai, gwana kan juya tagar wajen uwar ta ce, "Hajiya, duba da kanki." Sai ta rubuta lambar, ta goge allo da tsumma mai ruwan sabulu, ta mai da allurar sikeli sifiri, ta kira ta gaba.